Sheikh Rifa'a Aɗ-Ɗahɗawi: Limamin Da Aka Tura Paris

'Yan uwa, yau za mu leƙa Masar. A shekarar 1826 gwamnan ƙasar, Muhammad Ali Pasha, ya tura samari Faransa su koyo ilimin soja, likitanci da injiniyanci. Sai aka haɗa su da wani matashin malamin Azhar don ya riƙa ja musu salla yana yi musu wa'azi. Shi ne Rifa'a, haifaffen garin Ɗahɗa a 1801, almajirin Sheikh Hasan Al-Aɗɗar, wanda kuma shi ya ba da sunansa.

Aikinsa limanci ne kawai fa. Amma bawan Allah ya duƙufa ya koyi Faransanci, ya karanta tarihi, labarin ƙasa, lissafi da dokokinsu. Shekara biyar ya yi. Da ya dawo ya fitar da littafinsa Takhlisul Ibriz a 1834. A ciki ya yaba tsaftar mutanen Paris, son karatunsu da yadda doka ke ɗaure mai mulki, ya kuma soki sakacinsu da addini. Bai haɗiye komai ba, bai kuma zubar da komai ba. Ya sa rariya ya tace.

A 1835 aka buɗe Makarantar Harsuna, ya shugabance ta. Shi da ɗalibansa suka juya littattafai masu yawa zuwa Larabci, har ɗan Masar ya samu ilimin zamani da harshen Alƙur'ani. A ganina nan ne babban aikinsa, domin kalmomin da babu su a Larabci sai da suka zauna suka ƙirƙiro.

To amma malamin da ke aiki ƙarƙashin sarki, ƙafarsa ɗaya a waje take. Da Abbas na ɗaya ya hau mulki, aka rufe makarantar, aka tura Rifa'a Khartum a 1850, wai ya kula da makarantar yara. Kowa ya san kora ce. Shekara huɗu ya yi can, bai ajiye alƙalami ba, fassara ya ci gaba da yi.

Bayan dawowarsa ya jagoranci fassarar dokokin Faransa, aikin da har yau wasu malamai ke zarginsa a kai, suna ganin ya share wa dokar Turawa hanya ta ture Shari'a. Zargin yana da nauyi. A 1872 kuma ya rubuta Al-Murshidul Amin, yana kira a ilmantar da 'ya'ya mata kamar maza.

Ya rasu a Alƙahira a 1873. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa.