Patrick Troughton: Ɗan wasan da aka tsinto fayafayensa a Jos shekaru 26 bayan rasuwarsa

Da yammacin Asabar, 5 ga Nuwamba, 1966, masu kallon talabijin a Birtaniya suka zauna kallon Doctor Who, shirin ƙagaggen labarin kimiyya da BBC ta fara nunawa a 1963, sai suka tarar jarumin ya sauya kama. Sun saba da William Hartnell, dattijo mai furfura da saurin fushi, a matsayin Dakta, baƙon da ke ratsa zamunna da duniyoyi cikin wani jirgi mai siffar rumfar wayar ’yan sanda. Rashin lafiya ta ci ƙarfin Hartnell, masu shirin kuma suka yanke shawarar da ba a saba gani ba: a ce jikin Dakta ya sabunta kansa, a ci gaba da labari da wani ɗan wasa. Wanda ya gaje shi mutum ne mai baƙin gashi, sanye da tsohuwar kwat da ta yi masa yawa, yana busa sarewa a lokacin da ake jiran ya yi maganar hankali. Sunansa Patrick Troughton.

An haife shi a Mill Hill da ke arewacin Landan ranar 25 ga Maris, 1920. Ya koyi wasan kwaikwayo a makarantar Embassy a Landan, ya samu tallafin ƙarin karatu a Amurka, yana can Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Jirgin ruwan da ya ɗauko shi zuwa gida ya taka nakiya ya nutse, shi kuwa ya tsira a kwalekwalen ceto. Wannan bai sa ya guji teku ba, domin rundunar sojan ruwa ya shiga, ya yi yaƙi a ƙananan jiragen igwa masu gudu. Bayan yaƙi ya fito a fim ɗin Hamlet na Laurence Olivier a 1948, kuma a 1953 ya zama ɗan wasa na farko da ya fito a matsayin Robin Hood a talabijin. Daga nan ya yi suna a matsayin gwanin rikiɗa: yau manzo Bulus, gobe Quilp, mugun mai ba da bashin nan na labarin Dickens, jibi makahon da ke cikin Jason and the Argonauts.

Wannan baiwa ce ta sa ya yi ɗari-ɗari da tayin Doctor Who, don yana gudun kada fuska guda ta manne masa har abada. Da ya amince, Sydney Newman, shugaban sashen wasanni na BBC, ya ba da shawarar a mayar da Dakta wani irin ɗan yawon duniya mai kama da Charlie Chaplin. Da yawa daga cikin ’yan kallo ba su yi maraba da hakan ba. Rahoton jin ra’ayin masu kallo da BBC ta tattara a makonnin farko ya nuna ana kukan cewa an mayar da masani ɗan barkwanci, wasiƙun da aka aika wa mujallar Radio Times ma wasu irin wannan kuka suka yi. Kukan yana da tushe, domin a farko an cika wa wasan gishiri. Sai dai Troughton ya rage wargi sannu a hankali, ya bar abin da ya zama asirin wasansa: mutum ne da ke nuna wauta da tsoro domin abokin gaba ya raina shi, alhali ya riga ya gama lissafi. Da gwajin ya faɗi a hannunsa, da wuya shirin ya kai ga Dakta na uku, balle jerin waɗanda suka biyo baya.

Aikin ya yi nauyi, ana ɗaukar kashi sama da 40 a shekara. Ya sauka a watan Yunin 1969 bayan kashi 119, ya koma sana’arsa ta rikiɗa, har da limamin cocin nan na fim ɗin The Omen a 1976. Ya daɗe yana guje wa hira da ’yan jarida, bisa ra’ayin cewa idan jama’a suka san ɗan wasa ƙwarai ba za su ƙara gaskata wasansa ba. Sau uku ya koma Doctor Who a matsayin baƙo, kuma sai a ƙarshen rayuwarsa ya saki jiki da tarukan masoya shirin. A irin wannan taro ne a birnin Columbus na jihar Jojiya ciwon zuciya, wanda ya taɓa kwantar da shi sau biyu, ya yi ajalinsa ranar 28 ga Maris, 1987, yana da shekara 67.

Lokacin da ya rasu, yawancin aikin da ake yabonsa a kai ba ya kalluwa. BBC ta goge faifayen bidiyo na asali domin sake amfani da su, ta kuma lalata kwafe-kwafen fim da dama. Abin da ya rage wa masoya shi ne sautin da wasu ’yan kallo suka naɗa a gidajensu, da hotuna, da tunanin waɗanda suka kalla suna yara. A kan waɗannan guntaye aka yi shekaru ana yanke hukunci. Labarin The Enemy of the World ya fi shan wannan zalunci: kashi na uku kaɗai ya tsira cikin shida, kuma shi ne mafi sanyi, saboda haka aka ɗauke shi labari mara armashi.

Amma kafin a goge, BBC ta sayar wa tashoshin ƙasashen waje kwafe-kwafe, ciki har da Nijeriya, kuma ba duka aka mayar ba. A watan Oktoban 2013 aka sanar cewa Philip Morris, wani Bature mai farautar tsofaffin fayafaye, ya gano gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Kashi tara da aka fidda rai da su suka fito: biyar na The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear. Sai ga Troughton a labari na farko yana wasa biyu, Dakta da kuma Salamander, azzalumin da ke neman mallake duniya da sunan ciyar da ita, har da wurin da ɗayan ke kwaikwayon ɗayan. Ra’ayi ya juya nan take, labarin da aka raina ya haura sama a ƙuri’un masoya.

Duk da haka kashi 53 na zamaninsa suna nan a ɓace. Cikinsu akwai kashi na uku na The Web of Fear, inda Dakta ya fara haɗuwa da Kanar Lethbridge-Stewart. Morris ya ce ya ga gwangwaninsa a Jos tare da sauran, amma ya yi ɓatan dabo kafin kayan su isa Landan.