Mamman Shata, mai tallan goro da ya zama Dakta

A wannan fitowa ta cikar shekara munka ga ya dace mu tuna da wani mutum da muryarsa ta raka mu tun muna ɗiyan goye, wato Alhaji Mamman Shata Katsina. Yaranmu na yanzu sunansa kawai sunka sani, alhali mu a cikin waƙarsa munka tashi. Iyayenmu maza na kama ta a Rediyon Kaduna, direbobin Sakkwato zuwa Illela na sa kaset ɗinsa, kuma ko an ƙetara Ƙonni shi dai za ka ji a rumfar mai shayi.

An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ya yi waƙa ba ko kaɗan, don a ganinsa roƙo ne, kuma gidansu ba gidan maroƙa ba ne. Abin da ya fi jan hankalinmu mu 'yan kasuwa shi ne sana'arsa ta farko: tallan goro, daga baya alewa. Yana talla yana waƙa, jama'a na taruwa. Duk wadda ta taɓa zama gaban tire tun hantsi ta san baki ne rabin jari. Shi nasa bakin sai ya fi kayan tiren daraja, ya aje tire ya bi waƙa, uban na faɗa yana yi.

Daga dandalin ƙauye ya koma Bakori, sannan sunansa ya fito sosai a Kano a 1952, wurin bikin 'ya'yan sarki. A 1960 ya zauna Funtuwa, nan ya yi mafi yawan rayuwarsa. Shi ba ya kiɗa da hannunsa. Makaɗan kalangu na bayansa suna kiɗa suna amshi, shi kuwa yana jefa baiti nan take, babu takarda, babu zaman shiri. Mu da ke ajin yaƙi da jahilci, muna gumi kan layi biyu kafin malama ta karɓi littafi, mun san wannan ba ƙaramar baiwa ba ce. Shi ya sa har yau ba wanda ya ƙidaya waƙoƙinsa ya gama.

In an zo zancen wadda ta fi daɗi, nan gardama take a cikinmu. Tsofaffinmu sun fi son wadda ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har wasu na hawaye in ta zo. Masu son kirari suna ga Bakandamiya, inda ya wasa kansa son ransa. Akwai ta Sarkin Daura Muhammadu Bashar, akwai kuma ta kumbon Apollo 11 da Amurkawa sunka tura wata a 1969. Mutum na zaune Funtuwa ya ɗauko labarin wata ya sa shi a kalangu, har tsohuwa a Gidan Katta ta san an je!

Amma ba za mu ɓoye ba, akwai abin da bai yi muna daɗi ba. Waƙarsa ta mashaya ta shiga gidaje da yawa, kuma macen da mijinta ke dawowa da tangaɗi ba ta jin ta kamar yadda maza ke jin ta. Ga zambo. In Shata ya sa mutum gaba, sunansa ya lalace daga nan har Agadas, matansa da ɗiyansa su kwashi kunyar da ba su jawo ba. Manya da yawa tsoron bakin ya sa su buɗe aljihu, ko da ba su so.

Duk da haka sana'ar da uba ya ƙi ita ta kai shi Makka, ta kai shi Ingila da Amurka. Gwamnati ta ba shi lambar girma ta MON, kuma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, aka koma ce masa Dakta. Ya taɓa siyasa ma, har ya yi kansila.

Ciwo ya kwantar da shi a ƙarshe, ya rasu a asibiti a Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999. Aka kai shi Daura aka rufe, garin sarkin nan da ya daɗe yana yi wa waƙa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya jiƙan iyayenmu da sunka riga mu.