Mary Lou Williams, Gwanar Fiyano da Aka Manta

'Yan uwa ɗalibai, idan ana maganar kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka, sunayen maza irin su Louis Armstrong da Duke Ellington ake fara kira. A wannan makon mun kawo muku tarihin wata mata da ta cancanci shiga sahunsu.

An haifi Mary Lou Williams a birnin Atlanta a 1910, ta tashi a Pittsburgh. Tun tana ƙarama ta iya fiyano, har takan yi kiɗa a wuraren biki ta samo kuɗin taimakon gida. Da ta girma, ita ke tsara wa ƙungiyar Andy Kirk kiɗa, ta kuma tsara wa Benny Goodman da shi kansa Ellington. Matasan makaɗa irin su Thelonious Monk da Dizzy Gillespie sukan taru a gidanta da ke unguwar Harlem a New York, suna ƙaruwa da ita. Ta koyar a Jami'ar Duke daga 1977 har rasuwarta a 1981.

Mu dai a kulob ɗinmu muna ganin bai dace duniya ta yabi almajirai ta manta da malamarsu ba.