Gordon Dobson: Malamin da ya auna garkuwar duniya daga bayan gidansa

Duk shekara, a watannin Satumba da Oktoba, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, kan fitar da taswirar ramin ozon da ke buɗewa a saman nahiyar Antatika. Taurarin ɗan'adam ne ke tattaro bayanan, amma ma'aunin da ke gefen taswirar sunan mutum yake ɗauke da shi, wato Dobson. Mai sunan bai ga wannan rami ba, domin ya rasu shekara tara kafin a sanar da gano shi.

An haifi Gordon Miller Bourne Dobson a ranar 25 ga Fabrairun 1889 a Windermere da ke arewacin Ingila, mahaifinsa likita ne. Ya yi karatun kimiyya a Jami'ar Cambridge, ya koyar da ilimin yanayi a makarantar matuƙa jiragen soja, sannan ya yi aikin bincike kan jiragen sama a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1920 ya koma Jami'ar Oxford, inda ya ƙare rayuwarsa ta aiki.

Da farko ba ozon ya sa a gaba ba. Shi da Frederick Lindemann suna nazarin ƙananan duwatsun sararin samaniya ne, waɗanda ke kamawa da wuta idan sun shigo iskar duniya har jama'a su ce tauraro ya faɗo. Lissafinsu ya nuna cewa can sama, wajen kilomita 50, akwai ɗumin da masana ba su yi zato ba. Dalilin da ya fi dacewa shi ne iskar ozon, wadda ke shanye hasken altrabayolet, ɓoyayyen hasken rana mai ƙona fata da lalata ido, sai ta yi zafi. Masanan Faransa biyu, Charles Fabry da Henri Buisson, sun riga sun auna ta. Dobson kuwa so yake ya riƙa auna ta kullum, a wurare da yawa, har ya ga yadda take sauyawa.

A 1924 ya ƙera na'urarsa ta farko da hannunsa, a wani ɗan ɗakin aiki a gidansa na Boars Hill kusa da Oxford. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Na'urar na zaɓen kashi biyu na hasken altrabayolet, ɗaya ozon na shanye shi sosai, ɗayan kuma kaɗan take taɓa shi. Idan aka gwada ƙarfin su biyun bayan sun iso ƙasa, sai a san yawan ozon ɗin da suka ratso. Da za a tattaro dukan ozon da ke saman kan mutum a danne ta a doron ƙasa, kaurinta ba zai wuce kimanin milimita 3 ba. Wannan ne ake kira ma'aunin Dobson 300 a yau.

Daga 1926 ya rarraba na'urori a Turai, ciki har da Arosa ta ƙasar Suwizalan, inda awon da aka soma a shekarar ya zama mafi daɗewa a duniya. Daga baya ya aika da su Masar da Indiya da Kalifoniya da New Zealand. Masu lura da su sukan ɗauki hasken a faifan hoto na gilashi, su aiko ta gidan waya, a wanke a auna a Oxford. Aiki ne na haƙuri da ba ya jawo suna da wuri. Daga cikinsa aka gane cewa ozon ta fi yawa a Turai wajen Maris da Afrilu, ba a tsakiyar zafi ba, kuma ta fi kauri a ƙasashen sanyi duk da cewa a saman ƙasashe masu zafi aka fi samar da ita. Iskar can sama ce ke kwasar ta tana kai ta wajen ƙuryoyin duniya, zagayen da ake kira da sunansa da na abokin aikinsa Alan Brewer.

A 1956 aka kai ɗaya daga cikin ingantattun na'urorinsa sansanin Birtaniya na Halley a Antatika. Alƙaluman Satumba da Oktoba sun yi ƙasa ƙwarai da abin da ya sa rai bisa awon arewacin duniya, har ya zargi na'urar da kuskure. Da abin ya maimaitu a shekarun da suka biyo baya, sai ya yarda cewa ɗabi'ar iskar nahiyar ce. Wasu kan kafa hujja da wannan su ce ramin ozon daɗaɗɗe ne, amma ba haka ba ne: alƙaluman wancan lokaci sun ɗara na shekarun 1980 nesa ba kusa ba, kuma su ne suka zama abin kwatance.

Ya ci gaba da awo a gidansa bayan ya yi ritaya, har kusan rasuwarsa a Maris ɗin 1976. Shekara biyu kafin nan, Mario Molina da Sherwood Rowland sun yi gargaɗin cewa sinadaran CFC da ake sa wa a firji da gwangwanayen feshi za su iya cinye ozon.

A 1978 aka harba tauraron Nimbus-7 ɗauke da na'urar TOMS, wadda ke duba hasken altrabayolet da iskar duniya ta mayar sama, tana auna kusan duk inda rana ta haska a kowace rana. Duk da haka ba ita ta fara ba da labari ba. Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin ne, da na'urar Dobson ta Halley, suka wallafa a mujallar Nature a Mayun 1985 cewa ozon na raguwa matuƙa a duk Oktoba. Tauraron ma ya ga raguwar, sai dai an tsara kwamfutarsa ta ware alƙaluman da suka yi ƙasa sosai a matsayin abin shakka, masana kuma suna kan tantance su. Da aka tabbatar da su, taswirorinsa suka nuna abin da tasha guda ba za ta iya nunawa ba: ramin ya kai girman nahiya. A 1987 aka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Montreal ta rage waɗannan sinadarai.

Na'urar da ke sararin samaniya tana tsufa, awonta na iya karkacewa sannu a hankali, kuma ba mai zuwa ya gyara ta. Shi ya sa har yanzu ake gwada alƙaluman taurarin ɗan'adam da na tashoshin ƙasa masu amfani da na'urar Dobson. Su ma tashoshin ana daidaita su da na'ura guda mai lamba 83, wadda ke ajiye a birnin Boulder na Amurka.