TAƘAITACCEN TARIHIN KANON JOSIAH JESSE RANSOME-KUTI (1855-1930), MALAMIN WAƘA KUMA BAWAN ALLAH

A ranar murna irin wannan, da muke cika shekara 50, ya dace mu waiwaya mu tuna da waɗanda suka riga mu cikin bangaskiya. Mutumin da za mu ba da tarihinsa a nan ba Bahaushe ba ne, Bayarabe ne daga Abeokuta. Amma ɗan ɗarikarmu ne ta Angilikan, kuma ya yi aiki a ƙarƙashin mishan ɗin C.M.S., wadda ita ce ta kawo bishara Zariya da Wusasa. Matsalar da ya yi fama da ita dukan ransa, ita ce tamu a yau a Masanawa da sauran ƙauyukan ƙasar Gwarzo da Kabo: yaya mutum zai yabi Ubangiji da muryarsa ta gado, har yabon ya fito daga zuciya?

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Josiah ran 1 ga watan Yuni, 1855, a unguwar Igbein cikin garin Abeokuta, ƙasar Egba. A lokacin bishara sabuwa ce a garin, gama a shekarar 1846 ne Henry Townsend da Samuel Ajayi Crowther suka kafa aikin mishan a can. Mahaifinsa, Kuti, mai bin addinin gargajiya ne, kuma gidansu gidan kiɗa ne. Mahaifiyarsa kuwa, Anne Efupeyin, tana cikin waɗanda suka fara karɓar Kristi a garin. Saboda haka yaron ya tashi a gida mai hanya biyu, uba yana ja nan, uwa tana ja can. Da yawa daga cikinmu mun san irin wannan gida, domin a cikinsa iyayenmu suka girma.

Mahaifinsa ya rasu tun Josiah yana ƙaramin yaro, sai renonsa ya koma hannun uwarsa. Daga wurin uwa ya sami bangaskiya, daga gidan uba ya gaji kunnen kiɗa. Allah bai bar ko ɗaya daga cikin biyun ya lalace ba.

Yana da shekara 12, a 1867, aka yi tarzoma a Abeokuta, aka kori Turawan mishan, aka lalata majami'u. Ikilisiya ta rage a hannun 'yan ƙasa, su ne suka riƙe ta har ƙura ta lafa. A irin wannan ikilisiya, wadda ta koyi tsayawa da ƙafarta, Josiah ya girma.

KARATUNSA DA AIKIN KOYARWA

Ya fara karatu a makarantar C.M.S. ta Abeokuta, sa'an nan a 1871 ya wuce makarantar horon malamai ta C.M.S. a Legas. Da ya gama, ya komo gida ya koyar a makarantar St. Peter da ke unguwar Ake. A shekarar 1879 aka kira shi Legas domin ya koyar da waƙa a makarantar 'yan mata ta C.M.S. A can ya sadu da Bertha Olubi, 'yar Rabaran Daniel Olubi na Ibadan, suka yi aure a 1882.

A waɗannan shekaru ya ƙware a kan waƙoƙin Turawa, ya iya karanta rubutun kiɗa, ya iya piyano. Amma ya lura da wani abu da ya dame shi. Waƙoƙin sujada na lokacin fassara ce daga Turanci, an ɗora kalmomin Yarabanci a kan muryoyin Ingila. Yarabanci kuwa harshe ne da ma'anar kalma take bin hawa da saukar murya. Idan muryar waƙa ta hau inda ya kamata kalma ta sauka, sai ma'ana ta juye ko ta ɓace. Mu ma Hausawa mun san wannan. Garin da muke zaune a ciki dabam yake da garin tuwo, haka kuma farin zane dabam yake da farin da ke kashe amfanin gona, ga rubutu iri ɗaya amma baki yana bambanta su. Mutane suna rera waƙa a majami'a, wanda yake tsaye a waje ba ya fahimtar abin da suke faɗi.

AIKIN BISHARA

A shekarar 1891 yana aikin katikis a Gbagura, wata unguwa ta Abeokuta, inda ya gina ikilisiya daga ɗan ƙaramin taro. Hanyarsa mai sauƙi ce. Yakan fita fili ko bakin kasuwa ya ta da waƙa da irin muryar da mutane suka saba ji tun suna goye, amma kalmomin na bishara ne. Mai wucewa sai ya tsaya domin ya gane muryar, kafin ya ankara ya ji labarin Yesu. Wanda bai iya karatu ba yakan koma gida da koyarwa a bakinsa, ya rera ta a gona, matarsa ta rera ta wajen daka, yara su ɗauka. Ta haka aka laƙaba masa suna Fasto Mai Waƙa.

An naɗa shi dikin a 1895, aka keɓe shi firist a 1897. A zamanin nan Herbert Tugwell ne Bishop mai kula da wannan yanki duka. Shi ne kuma wanda ya jagoranci ayarin C.M.S. da ya iso birnin Kano a shekarar 1900 tare da Likita Walter Miller, Sarkin Kano Alu ya sallame su, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Ashe lokacin da ake ƙwanƙwasa ƙofar ƙasar Hausa, Rabaran Kuti yana can kudu yana yawo ƙauye ƙauye a ƙarƙashin Bishop ɗaya.

An tura shi yankin Sunren da Ifo, a kudu da Abeokuta, inda ya kafa ikilisiyoyi a ƙauyuka da dama. Saboda amincinsa, hukumar Egba ta ba shi ikon yin shari'a a yankin daga 1902 zuwa 1906, ya zama firist kuma alƙali a lokaci guda.

WAHALAR DA YA SHA

Aikin bai tafi babu tsada ba. A Ifo, al'ada ta hana talaka riƙe laima, gama laima ta sarauta ce, kamar yadda muka sani a fadojinmu. Rabaran Kuti ya tsaya a kan cewa kowane mutum yana da ikon kāre kansa daga rana da ruwan sama. Wannan ya fusata waɗansu, suka tare shi suka sassare shi, ya ji rauni mai tsanani. Da hukuma ta tashi za ta hukunta garin, shi da aka yi wa laifin ne ya roƙa a ƙyale su. Abin da ya koya wa mutane cikin waƙa game da gafara, ya nuna shi da jikinsa. Wa'azin da ya fi wannan ƙarfi da wuya a samu.

SHEKARUNSA NA ƘARSHE

A 1911 aka mai da shi mai kula da majami'ar St. Peter ta Ake, uwar majami'un Abeokuta, inda ya fara koyarwa yana saurayi. A 1922 aka ba shi matsayin Kanon na babbar majami'ar Kristi da ke Legas. A wannan shekara kuma ya tafi Landan, inda kamfanin Zonophone ya ɗauki muryarsa a faya-fayan garmaho, waƙoƙi 43 cikin Yarabanci. Ana lissafta shi a matsayin ɗan Nijeriya na farko da aka buga waƙoƙinsa a faifai. Yana da shekara 67 a lokacin. Har yau ana iya jin muryar tsohon nan, gama an adana faya-fayan. Haka kuma, da aka buga littafin waƙoƙin ikilisiya na Yarabanci a 1923, an haɗa da waƙoƙinsa fiye da 50 a ƙarshen littafin.

Ubangiji ya kira bawansa gida ran 4 ga watan Satumba, 1930, yana da shekara 75. Shekara biyu bayan haka, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

ZURIYARSA

Ɗansa, Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, ya bi sawunsa cikin aikin firist da koyarwa. Ya shugabanci makarantar sakandare ta Abeokuta, shi ne kuma shugaban farko na Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Nijeriya da aka kafa a 1931. Cikin jikokinsa akwai Farfesa Olikoye, wanda ya riƙe ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, da Likita Beko, da mawaƙin nan Fela, wanda ya gaji kiɗan amma ya bi wata hanya dabam da ta kakansa. Farfesa Wole Soyinka, wanda ya sami lambar Nobel a 1986, tattaɓa-kunnensa ne.

ABIN KOYI A GARE MU

Kanon Kuti bai yar da waƙoƙin Turawa ba, gama shi ma ya koyar da su. Mu ma muna ƙaunar Littafin Waƙoƙinmu, za mu kuwa ci gaba da rera shi. Abin da ya nuna shi ne, muryar gida ma tana da wuri a gaban bagade. Duk wanda ya ga yadda majami'a take motsi sa'ad da iyayenmu na Zumuntar Mata suka tashi da ganga da tulu da kacau-kacau, ya san gaskiyar wannan.

Amma akwai abu na biyu da ya yi wanda mu muke sakaci da shi. Ya rubuta waƙoƙinsa, ya koya wa yara, ya sa aka ɗauki muryarsa. Shi ya sa ba a binne su tare da shi ba. Waƙoƙi nawa ne dattawanmu suka tsara a gona da wurin taron addu'a, waɗanda ba su cikin kowane littafi? Duk tsohuwar da ta kwanta dama, takan tafi da nata. Muna roƙon shugabannin mawaƙa, malaman makarantar Lahadi da matasa, ku zauna a gaban iyayen nan tun suna da rai, ku rubuta kalmomin, ku ɗauki muryoyin, ku koya wa ƙannenku. Idan Allah ya kai ikilisiyar nan bikin shekara 100, bari jikokinmu su tashi su rera abin da kakanninsu suka rera.

Ubangiji ya ba mu alherin yin haka. Amin.