Malam Ibrahim na Kano, Mai Ƙishin Sanin Isa

A wannan wata za mu ba ku labarin wani mutum wanda ba a taɓa yi masa baftisma ba, bai kuwa taɓa zama a ɗakin sujada irin namu ba, amma masu bi na ƙasar Zazzau suna ambaton sunansa da girmamawa har wa yau. Sunansa Malam Ibrahim. Labarinsa ya iso gare mu ta bakin zuriyar almajiransa, su ne suka faɗa wa 'yan mishan, aka rubuta.

Malami ne a birnin Kano a zamanin Sarki Abdullahi ɗan Dabo, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, an kuwa san shi a fada. Mu mutanen ƙasar Gwandu ba sai an kwatanta mana irin wannan malami ba, gama tun kwanakin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ƙasarmu ta saba da zaure, da buzu, da tawada, da almajirai kewaye da wuta. Mutum irin wannan ba ya rasa tuwo, ba ya rasa girma. Da ya so, da ya tsufa a kan buzunsa lafiya lau.

Amma wani abu ya hana shi sakat. Cikin karatunsa na Alƙur'ani ya riƙa iske sunan Isa ɗan Maryamu: an haife shi ba uba, an kira shi Kalma da Ruhu daga wurin Allah, ya warkar da makaho da kuturu, ya ta da matattu da izinin Allah, aka kuma ɗauke shi zuwa sama. Malamai nawa ne suka karanta wuraren nan suka wuce? Shi ya tsaya. Ya yi ta bincike, ya yi ta tunani, har ya tabbata a zuciyarsa cewa wannan Isa yana da matsayi dabam, a wurinsa ne kuma mai neman adilci a gaban Allah zai duba. Ya soma koya wa almajiransa haka, aka riƙa kiransu Isawa.

A zamanin nan jama'a da yawa suna zuba ido ga bayyanar Mahadi da saukowar Annabi Isa. Mutanen wannan gefe namu sun ga inda irin jiran nan ya kai Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906, sa'ad da aka yi yaƙi aka rushe garin ƙurmus. Saboda haka ba abin mamaki ba ne sarakuna su tsorata da duk malamin da ya tara jama'a a kan irin wannan magana.

Ga abin da ya fi taɓa mu. A 1857 aka buga Bisharar Matta da Hausa a Ingila, aikin wani Bajamushe mai suna Schön, wanda ya ƙara sanin Hausa a bakin wani saurayi Bahaushe, Dorugu. A cikinta, sura 5 aya 6, akwai albarkar da Ubangijinmu ya sa wa masu jin yunwa da ƙishin adilci. Wato a daidai shekarun da malamin Kano ke lalube, maganar da ta dace da shi tana can an riga an buga ta da harshensa, teku da hamada suna tsakani. Babu mai bishara ko ɗaya a Kano a lokacin.

Da maganarsa ta bazu, aka kai ƙara, aka kira shi fada, aka ce ya janye koyarwarsa. Ya ƙi. Wajen 1867 aka tsire shi a kasuwar birnin a gaban jama'a. Zuriyar almajiransa sun ce kafin a kama shi ya riga ya gargaɗe su su fita daga Kano, su jira, gama Allah zai aiko da waɗanda za su bayyana musu sauran labarin Isa.

Kada mu yi saurin ce da shi Kirista, gama yin haka ƙari ne a kan gaskiya. Bai sami koyarwar gicciye da tashi daga matattu kamar yadda muka samu ba. Kada kuma wani ya ɗauki labarin nan ya mai da shi sandan dukan maƙwabcinsa Musulmi. Daga cikinsu malamin ya fito, a littafinsu kuma ƙishin ya kama shi. Idan akwai wanda labarin ke tuhuma, mu ne. Mun sha shiga gidajen 'yan ekklesiya mu tarar da Littafi Mai Tsarki a ƙasan akwati, gara ta fi mai shi sanin abin da ke ciki. Shi da ya ɗanɗani ɗigo kaɗai ya ba da ransa saboda shi.

Almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, waɗansu ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Suka yi noma, suka haifi 'ya'ya, suka koya musu jira. A 1900 Bishop Tugwell da abokansa suka iso Kano, amma Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikinsu, Likita Miller, wanda Zazzagawa ke kira Likita Mila, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya buɗe makaranta. Sai a 1913, bayan fiye da shekara 40 da mutuwar malamin, waɗansu samari daga cikin Isawa suka zo wurinsa suna neman labarin Isa.

Daga nan aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, a ƙasar Zazzau, da makaranta da ɗakin sujada. Aka yi wa mutane baftisma, tsofaffi da yara suna koyon karatu tare. Murnar ba ta daɗe ba. Wurin yana da ƙudan tsando, ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya kwashe mutane da yawa cikin 'yan shekaru, har ya zama tilas a tashi. Waɗanda suka tsira suka koma Zariya da bangaskiyarsu, a 1929 kuma suka bi mishan zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar ƙasa ta Bartalamawus Mai Tsarki.

A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, aikin da Likita Mila da mataimakansa Hausawa suka yi shekaru suna fama da shi. Daga zuriyar Isawan nan ne kuma Likita Ishaya Audu ya fito, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma ƙare kwanakinsa yana warkar da marasa lafiya yana wa'azin bishara a Samaru.