Tarihin Bill Wilson, mashayin da ya kafa ƙungiyar ceton mashaya

A ranar 26 ga watan Nuwamba na shekara ta 1895 ne aka haifi William Griffith Wilson a ƙauyen East Dorset da ke jihar Vermont ta ƙasar Amurka, a wani masaukin baƙi na danginsa. Yana ɗan shekara goma da wani abu auren iyayensa ya mutu, don haka kakanninsa na wajen uwa ne suka riƙe shi.

Bai fara shan giya ba sai a shekara ta 1917, lokacin yana ƙaramin hafsan soja. Mutum ne mai kunyar shiga jama'a, sai ya ga da zarar ya kurɓa, bakinsa ya buɗe. A shekara ta 1918 ya auri Lois Burnham, ya tafi yaƙin duniya na farko a Faransa, da ya dawo kuma ya shiga harkar hannun jari a birnin New York, inda ya yi kuɗi. Karyewar kasuwar a 1929 ta tafi da dukiyar, giya kuma ta cinye abin da ya saura, har ta kai ga Lois ce ke aiki a kanti tana ciyar da gida.

Sau huɗu ana kwantar da shi a asibitin Towns tsakanin 1933 da 1934. A can ne likita William Silkworth ya fahimtar da shi cewa abin da ke damunsa ciwo ne da ya kama jiki da tunani, kuma mai irin wannan ciwo ba shi da halin taɓa ko da kofi ɗaya. Wani tsohon abokin shansa mai suna Ebby Thacher, wanda ya tuba ta hanyar ƙungiyar addini ta Oxford, shi ma ya ziyarce shi. Ranar 11 ga watan Disamba na 1934 Wilson ya yi shansa na ƙarshe.

Abin da ya sa sunansa ya shiga tarihi ya faru ne a watan Mayu na 1935 a birnin Akron na jihar Ohio. Cinikin da ya kai shi garin ya rushe, ga shi baƙo, aljihu ba nauyi, yana tsaye a zauren otal ɗin Mayflower yana jiyo hayaniyar mashaya. Maimakon ya shiga, sai ya nufi wayar tarho, ya kira wani limamin coci yana neman a haɗa shi da wani mashayi. Dabararsa ita ce, babu mai fahimtar mashayi sai ɗan'uwansa, kuma yin magana da irinsa ne kaɗai zai hana shi komawa ruwa. Da haka aka kai shi ga Robert Smith, likitan tiyata da giya ta kusa raba shi da aikinsa. Smith ya yarda da ganawar minti 15, amma sai da suka shafe kusan sa'o'i shida. Ranar 10 ga watan Yuni na 1935, wadda aka ɗauka a matsayin ranar shan Smith na ƙarshe, ita ce ranar kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashaya masu sakaya suna.

Tsarin taron nasu ba shi da wuya. Ana haɗuwa a ɗaki, kowa ya faɗi sunansa na fari kawai, ya ba da labarin halin da ya shiga da yadda yake fama. Babu kuɗin shiga, sharaɗi ɗaya ne, wato niyyar daina sha. Sabon zuwa yakan zaɓi wani da ya riga shi dainawa ya zame masa jagora, kuma yinin da ake ciki kaɗai ake ɗaukar wa alkawari. A 1939 Wilson ya wallafa littafin da ya ƙunshi matakai 12 na farfaɗowa, lokacin mabiyansa ba su wuce ɗari ba. Wani rahoto da mujallar Saturday Evening Post ta buga a watan Maris na 1941 ya sa yawansu ya tashi daga dubu 2 zuwa dubu 8 kafin ƙarshen shekarar. An ƙiyasta cewa ƙungiyar tana da mambobi kusan miliyan 2 a ƙasashe kimanin 180.

Wilson dai ba waliyyi ba ne. Ya yi shekaru yana fama da ciwon damuwa, kuma gwajin da ya yi da ƙwayar LSD daga 1956 ya ɓata wa abokan tafiyarsa rai. Amma ya riƙe ƙa'idar sakaya suna da gaske, domin ya ƙi karɓar digirin girmamawa daga jami'ar Yale a 1954, ya kuma miƙa ragamar ƙungiyar ga mambobinta a 1955.

Taba ce, wadda bai iya rabuwa da ita da wuri ba, ta lalata masa huhu. A kwanakinsa na ƙarshe ya nemi a ba shi giya, masu jinyarsa suka hana. Ya rasu a birnin Miami ranar 24 ga watan Janairu na 1971, bayan shekara 36 ba tare da ya sha ba. Sai da jaridu suka buga labarin rasuwarsa ne jama'a da dama suka san cikakken sunan mutumin da suka sani da Bill W.